College Football 25: yadda na ga Road to Glory da ɗan wasa mai cafe ƙwallo

Masu tambaya ko gem ɗin nan na ƙwallon Amurka ta jami'o'i ya ci kuɗinsa, gaskiya ya danganta da ɓangaren da za ka buga da kuma yawan haƙurinka. Ni Road to Glory na fi zama a kai, inda za ka ƙirƙiri ɗan wasa ɗaya ka raka shi tun shigarsa jami'a har ya gama, kuma risiba na ɗauka, wato mai cafe ƙwallo, wanda zai sheƙa da gudu kwatabak, mai jefa ƙwallo a tim, ya jefo masa.

EA Sports sun fitar da shi a Yulin 2024 bayan shekara 11 babu irinsa, na ƙarshe shi ne NCAA Football 14 na 2013, rigimar kotu ce ta tsayar da abin saboda ana amfani da kamannin yaran jami'a ba a ba su ko sisi. Daga 2021 aka sakar musu mara su ci kuɗi da sunansu, shi ya sa wannan karon duk ɗan wasan da ya yarda a sa shi an ba shi dala 600 da kwafin gem ɗin. Makarantu 134 ne a ciki, kowacce da filinta da 'yan gangunanta da kalar kayanta, a nan kam ba ni da ta cewa, sun yi aiki. In ka je wasan waje a fili mai zafi irin na Penn State allon ma rawa yake saboda ihun 'yan kallo, layin da aka zana maka ka bi sai ya karkace ka rasa ina za ka.

Da farko za ka zaɓi matsayinka, daga tauraro 5 zuwa tauraro 2. In ka ɗau tauraro 5 ka je ƙaramar makaranta, nan take kana cikin masu farawa. In kuma ƙarfin hali ya ɗebe ka ka ɗau tauraro 2 ka ce sai Alabama ko Ohio State to malam ka shirya ɗumama benci, sai ka yi ta tara yardar koci a tirenin kafin a ba ka damar karawa da wanda ke gabanka ka ƙwace wajensa. Kowane sati kuma akwai ɗan kuzarin da za ka raba tsakanin karatu, tirenin, lafiyar jiki, jagorancin 'yan tim da neman suna don samun talla. Ka yi wasa da karatu makinka ya faɗi, a hana ka buga wasa, dariya na yi ta yi da na ga ashe har a gem ma jarabawa ba ta barin mutum.

To ga inda gizo ke saƙar. Risiba ba shi da iko da ƙwallo, kwamfuta ce kwatabak ɗinka. Za ka yi wa mai tsaronka wani irin yanka ka bar shi a baya, kana fili fetal kai kaɗai kana danna madannin neman ƙwallo kamar za ka fasa pad, shi kuwa gogan naka sai ya jefa wa wani da mutum biyu suka rufe, ko ya tsaya ruwan ido har a zo a kwantar da shi. Wani lokacin koci ya yi ta kiran wasan gudu a jere, aikinka kawai tare mutum, kwata guda ta wuce hannunka bai taɓa ƙwallo ba wlh. Da farko haushi ya riƙa ba ni, amma in ka duba haka aikin yake a zahiri ai. Shi ya sa kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, ba ta cika zuwa hannun masu cafewa ba, daga Desmond Howard na Michigan a 1991 sai da aka jira har 2020 kafin DeVonta Smith na Alabama ya ɗauka, shi ma sai da ya cafe 117 ya yi yadi 1,856 da tacdawun 23, wato kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki, kuma Mac Jones ne ke jefa masa, ba kwatabak ɗin kwamfuta ba. Travis Hunter na Colorado da ke jikin kwalin gem ɗin ya ci a 2024 amma shi waje biyu yake bugawa, yana cafewa yana tsaro, abin da Road to Glory ɗin bai ba ka damar yi ba.

Amma fa ranar da ƙwallon ta zo daidai, ka tashi sama ka cafke ta a kan mutum a ƙarshen wasa, daɗin ya fi na wanda ke riƙe da duka tim, don ka san wahalar da ka sha kafin ta zo. In kwatabak ɗin ya ishe ka, ƙarshen kaka kana iya tattara komatsanka ka canza makaranta, kamar yadda yaran ke yi yanzu. In ka gama kuma za ka iya kai ɗan wasanka Madden NFL 25, gem ɗin gasar ƙwararru, ya ci gaba.

Inda suka gaza shi ne labarin. Babu wasan sakandare, 'yan tambayoyi kawai za ka amsa sai ga ka a jami'a, sauran rayuwar duk saƙon waya ne kake karantawa kana zaɓar amsa, kaka ta biyu za ka fara ganin maimaici. College Football 26 da ya fito a Yulin 2025 ya dawo da sakandaren, kuma masu cafewa biyu ne a kwalinsa, Jeremiah Smith da Ryan Williams.

Sannan masu PS4 da kwamfuta ku yi haƙuri, PS5 da Xbox Series kaɗai yake hawa, kuma dala 70 aka sa masa da ya fito. In ba ka san dokokin ƙwallon Amurka ba kar ka fara da risiba, ɗau mai gudu da ƙwallo tukuna, shi a hannu ake miƙa masa. In ka samu na 25 na hannu da araha ka ɗauka, amma in sabo za ka cire wa kuɗi gara ka ƙara ka sayi na 26.