Kulant ɗin Toyota mai ruwan hoda: ya cancanci kuɗinsa a zafin Birnin Kebbi?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi, da wuya ka bi hanyar Jega ko ta Argungu ba ka tarar da mota a gefen titi an ɗaga bonet tana huci ba. Direba ya sayi ledar fiya wata biyar ya ɗura a lagireto, ya ci gaba da tafiya. Wannan ɗabi'ar ita ke kashe injuna a hankali, ita ce kuma ta sa ya kamata a duba Toyota Super Long Life Coolant, kulant (ruwan sanyaya inji) ɗin nan mai ruwan hoda da masu kayan gyaran mota ke yi wa tsada, a ga ko kuɗin na tafiya inda ya dace.

Abin da ke cikin galan ɗin haɗi ne da aka gama tun daga kamfani: rabi sinadarin etilin gilaikol, rabi tataccen ruwa, sai magungunan hana tsatsa. Ba a ƙara masa ruwa. Mutane da dama na cewa kulant na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan me za mu yi da shi? Gaskiya ne yana hana ruwa daskarewa har wajen digiri 35 ƙasa da sifili, wanda bai shafe mu ba. Amma ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, wannan haɗin kuwa sai kusan 107, idan kuma murfin lagireto na riƙe iska yadda ya kamata, sai ya wuce 120 bai tafasa ba. Ga mai tsayuwa a cunkoson bakin kasuwa da azahar, na'urar sanyaya mota a kunne, wannan tazarar ba ƙarama ba ce.

Babban aikinsa ma ba nan yake ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa. Da zafi ya bugi ruwan, sai gishirin ya kwanta a cikin siraran hanyoyin lagireto kamar farin dattin da ke kama gindin butar shayi. Ka buɗe lagireton da ya shekara biyu yana shan irin wannan ruwa, za ka ga wuyansa ya yi ɓawon fari-fari, ruwan ciki ja wur kamar na gulbi da damina, ka sa yatsa ka ɗebo laka. Tsatsar nan tana cin fuka-fukan famfon ruwa har su zama kamar reza, tana huda hita (na'urar ɗumama cikin mota), tana zaizaye kan inji na alminiyam ta gefen gasket, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa. A wannan fannin kulant ɗin Toyota ba shi da abin kushewa. Injin da aka riƙe da shi, in aka kwance tiyo za a ga ciki fes.

Kamfanin ya ƙayyade kilomita 160,000 ga zubin farko na sabuwar mota, daga nan kuma duk 80,000. Motocinmu akasari na hannu ne, kuma ba wanda ya san me aka sha zuba musu, saboda haka ni a ganina kada a wuce shekara uku zuwa huɗu ba a canja ba, ko da kilomitan ba su cika ba.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne wajen launi. Sai ka ji mutum ya ce, "Oga, zuba mani ja, shi ya fi ƙarfi." Launi rini ne kawai. Toyota kanta tana da wani ja, Long Life Coolant, wanda shi mai kauri ne, sai an sirka shi da ruwa, kuma ana canja shi duk shekara biyu ko kilomita 40,000. Shi ya fi dacewa da tsofaffin motoci masu lagireton tagulla. Mai ruwan hodan na motocin da suka fito daga wajen 2004 zuwa sama ne, irin su Corolla, Camry, Hiace da Hilux. Kamfanonin Japan suna amfani da sinadarin fosfet wajen hana tsatsa, suna guje wa sinadarin siliket, na Turai kuwa akasin haka suka fi yi. Don haka mai Golf ko Sharan ya nemi wanda aka rubuta G11, G12 ko G13 gwargwadon shekarar motarsa, mai Honda ya nemi Type 2 shuɗi, mai Peugeot da Mercedes su bi abin da littafin motar ya ce. Haɗa iri biyu daban yana rage ƙarfin maganin tsatsar, wani lokaci ma ya kama ya yi kauri kamar koko ya toshe lagireto. In ba ka san abin da ke cikin motar ba, a zubar da shi duka a fara sabo.

Aibinsa na farko tsada. Corolla ko Camry mai silinda huɗu tana cin wajen lita 6 zuwa 7, galan ɗaya kuwa lita 4 ne ko kusa da haka, ke nan biyu za ka saya. Mai kauri da ake sirkawa ya fi sauƙi a aljihu.

Na biyu ya fi wannan damuwa: jabu. Akwai galan-galan masu kama da na asali da ba komai a ciki sai ruwa da rini. A duba hatimin murfi da tsabtar rubutun jikin galan. Na gaske yana da ɗan santsi in ka murza tsakanin yatsu biyu. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a zuba kaɗan a ƙaramar kwalba, a rufe gam, a sa a firiza mai ƙarfi ta kwana: na gaske ba ya daskarewa, ruwan rini kuwa zai zama ƙanƙara. A raba kwalbar da abinci, kuma kada a kuskura a ɗanɗana. Sinadarin yana da zaƙi amma guba ne mai lalata ƙoda. Wanda aka zubar daga mota a tare shi a roba, kada a bar shi ya kwanta a ƙasa inda awaki, kaji ko yara za su kai gare shi.

Komai kyawun kulant, in aikin zubawa bai yi ba an yi asara. Sai inji ya huce sarai kafin a taɓa murfi, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. A kwance ɗan makullin da ke gindin lagireto a tsiyaye. Wannan kaɗai ba ya fitar da duka, kusan rabi na iya saura a cikin inji da hita, shi ya sa bakanike na ƙwarai ke kwance makullin jikin injin ma. Sai a cika da ruwa mai tsabta, a tayar da mota ta yi zafi, a bari ta huce, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito garau. Ba a wanki da garin sabulu ko soda, suna cin alminiyam kuma kumfarsu ba ta fita da sauri. Wankin ƙarshe ya zama da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbatar ba mai asid ba ne, domin duka biyun "ruwan batir" ake ce musu a shago. A tsiyaye shi sosai. Tun da wannan kulant ɗin a sirke yake, duk ruwan da ya rage a ciki tsinka shi zai yi, kuma in gilaikol ɗin ya gaza kashi ɗaya cikin uku, kariyarsa ta ragu ƙwarai.

Wajen cikawa a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a riƙa zubawa a hankali ana matsa tiyon sama don iska ta fito. A tayar da inji murfi a buɗe, ana kallon kumfa tana tasowa, har tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya buɗe. A yawancin Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa, alamarsa tiyon ƙasa ya ɗau zafi ruwan kuma ya faɗa. A ƙara, a jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, a rufe, a cika ƙaramin tankin gefe zuwa layin sama. Washegari da safe kafin a kunna mota a sake dubawa, galibi yana neman ƙarin rabin lita ko ƙasa. Iskar da aka bari a ciki ita ke sa allurar zafi hawa da sauka bayan canji, sai a ɗora wa kulant laifi.

Akwai motar da bai kamata a ɓata kuɗi a kanta ba tukuna. In lagireto na ɗiga, ko tiyo ya kumbura ya yi laushi, ko robar murfi ta tsage, a fara gyara su. Murfin ma a sayi mai lambar da ta dace, 0.9 ko 1.1 kamar yadda aka buga a kan na asali. In kuwa ka buɗe murfin mai ka ga abu kamar shayi da madara, ko kumfa ba ta daina tasowa a lagireto, gasket ya ƙone, kuma babu kulant ɗin da zai yi maganinsa. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da aka mayar al'ada a garejojinmu, ɓoye ciwo ne kawai: inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ci kansa da wuri. Sau da yawa ainihin matsalar ƙurar hunturu ce da ƙaiƙayi suka toshe fuskar lagireto, musamman ga motocin da ke shiga ƙauyuka lokacin girbin shinkafa. A hura masa iska ko a wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran fuka-fukansa su lanƙwashe.

Ga mai Toyota ta 2004 zuwa sama da injinta ke da lafiya, in ya samu na asali, ya saya, ya cancanci kuɗinsa. Ragowar galan na biyu ya ajiye shi a but, shi zai riƙa ƙarawa da shi a hanya maimakon ledar ruwa.