Pokémon Showdown a Idon Mai Buga Wasan Ces

Na daɗe ina buga wasan ces a Lichess, shafin buga ces ta intanet, kafin wani abokina ya nuna mini Pokémon Showdown, dandalin intanet da ake gwabza faɗan dodannin Pokémon kyauta, ba sai mutum ya mallaki na'urar Nintendo ba. Guangcong Luo, wanda aka fi sani da Zarel, shi ya ƙirƙire shi a 2011, kuma ƙungiyar Smogon, mai shirya gasannin faɗan Pokémon, ta ɗauke shi a matsayin filin gasanninta. Wata uku na shafe a kansa ina neman sanin ko dabarun ces za su yi mini rana, kuma sun yi, sai dai ba ko'ina ba.

Babban abin yabo shi ne dandalin ya cire wahalar kiwo. A wasannin asali, mutum kan ɓata kwanaki yana kamawa da horar da dodo guda, amma a nan cikin 'yan mintoci zai haɗa rundunarsa ta dodanni 6, ya zaɓa wa kowanne salon hari 4, ya shiga fage da kayan yaƙi daidai da na kowa. Matakin gwaninta ma da tsarin Elo ake auna shi, wanda FIDE, hukumar ces ta duniya, ta karɓa tun 1970, kuma sabon shiga daga maki 1000 yake farawa.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce tattalin zagaye. Mai ces ya san cewa duk motsin da aka tilasta maka yi riba ce ga abokin karawarka. Haka abin yake a nan, domin janye dodo a sako wani yana cinye zagaye guda cur, shi ya sa salo irin su U-turn, wanda ke kai hari sannan ya janye dodon a lokaci ɗaya, suke da daraja sosai. Salon Stealth Rock kuwa, wanda ke baza duwatsu a ɓangaren abokin karawa, ya tuna mini da jeren dakaru a allon ces: ba ya kashe kowa nan take, amma yana zaftare kashi ɗaya bisa takwas na lafiyar dodon da ya shigo fage, wani ma kamar Charizard rabin lafiyarsa ke tafiya, ta yadda kowane canji sai ya zama da tsada. Sadaukarwa ma tana nan daram. Sau da yawa nakan bar dodon da ya jikkata ya faɗi da gangan, don wanda nake ji da shi ya shigo ba tare da ya sha duka ba, kamar dai a ba da doki don a buɗe wa sarauniya hanya.

Inda ces ta yaudare ni shi ne wajen zaton cewa lissafi mai kyau ba ya cin amana. A ces, da ma darar da muke bugawa a gindin bishiya, komai a fili yake, kuma bi da bi ake motsi. A Showdown kuwa 'yan wasan biyu a lokaci guda suke zaɓe, kana ganin dodannin abokin karawarka tun farko, amma ba ka san salon da ya ɗora musu ba sai ya yi amfani da shi. Wani dare dodo ɗaya ya rage mini, Gholdengo, abokin karawata kuma Kingambit. Da zai saki Sucker Punch, wanda ba ya aiki sai in ni ma hari na zaɓa, da na gama yawo. Da zai tsaya ƙara ƙarfi da Swords Dance kuwa, dama ta samu. Na lura ya saba da haɗama tun farkon wasan, sai na kai hari da Focus Blast, kuma hasashena ya yi daidai. Amma salon nan sau 70 cikin 100 yake samun abin hari, sai ya kuskure, na sha kashi a wasan da na fi shi tunani. Ba laifin dandalin ba ne, ƙa'idar Pokémon ce, har da mugun bugu mai ninka ɓarna sau ɗaya da rabi da ke faɗowa kusan sau ɗaya cikin 24. Mai ces dole ya koyi zaɓen hanyar da ta fi ƙarancin kasada, ba wadda ta fi kyau a takarda ba.

Gazawar da ta fi damuna ita ce rashin malami. A Lichess, da an tashi wasa injin Stockfish zai nuna maka inda ka yi kuskure, amma a nan abin da za ka samu shi ne damar adana wasan ka sake kallo, sai kuma shafin lissafin ɓarna da za ka cike da hannunka. Sunayen salo da Turanci suke, nau'o'in dodanni har 18 ne, kuma dodannin sun haura 1000, don haka makon farko akwai jan aiki. A waya yana buɗewa lafiya, ana ma iya kashe motsin hotuna, ko da yake haɗa runduna ya fi sauƙi a kwamfuta. Wanda ya fito daga ces gara ya fara da Random Battle, inda dandalin ke raba wa kowa dodanni da ka, ya saba da karanta fage kafin ya shiga rukunin OU, na dodannin da aka fi amfani da su, inda haɗa runduna ke cin lokaci kamar haddace buɗin wasa.