Sodarin Ayan Na Aikin Fanel: Mai Jonawa Kai Tsaye Ko Mai Saita Zafi?

Sodarin ayan shi ne ƙarfen da ake narka dalma da shi don liƙa wayoyi da kayan lantarki. Wanda ake jonawa a soket kai tsaye, mai wat 30 ko 40, ya fi araha, kuma ya isa haɗa waya ko sauya babban kafasita. Aibinsa shi ne ba ya tsayawa a zafi ɗaya. In ya jima a kunne yakan wuce digiri 400 na ma'aunin Celsius, bakinsa ya yi baƙi, dalma ta ƙi kama shi. Mai gyara ya ƙara dannawa, sai siririn layin tagulla ya ɓamɓare daga fanel, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kai. Ayan mai fulogi mai ƙafa biyu kuma ba shi da wayar ƙasa, wutar da ke yoyo ta bakinsa na iya kashe IC, wato ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da yawa da ke kan fanel.

Mai saita zafi, irin samfurin 936 ko T12, yana riƙe zafin da aka ba shi. Dalmar 63/37 (kashi 63 kuza, kashi 37 dalma) tana narkewa a digiri 183, don haka saitin 320 zuwa 350 ya wadatar, daƙiƙa 2 ko 3 a kowane gurbi. T12 ya fi saurin maido da zafi, domin abin ɗumamawar yana cikin bakin ne. TS100 kuwa, wani samfurin mai saita zafi, yana aiki da wutar DC irin ta batir, bolt 12 zuwa 24, ko an ɗauke wuta batir ya isa.

Ga ƙananan kaya, mai saita zafi ya cancanci kuɗinsa. A sa masa baki mai faɗin milimita 2, don mai tsinin allura ba ya isar da zafi sosai, a kuma yi aiki da dalma mai kaurin milimita 0.6.