Kafin Ka Saya Wa Yaro Littafin Labarin Sihiri

Ni abin da nake fara dubawa shi ne me ya sauya jarumin. Idan sandar tsafi ce ta warware masa komai, yaro zai sha labari ya rufe, shi ke nan. Idan kuwa kuskurensa ne ya koya masa hankali, wannan littafin ya ci kuɗinsa.

Shi ya sa nake fifita A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, wanda ya fito a 1968. Ged yaro ne mai baiwa da ɗaga kai. Don ya kunyata abokin hamayyarsa a makaranta, ya taɓo sihirin da ya fi ƙarfinsa, wata inuwa ta ɓalle ta yage masa fuska. Ya yi ta gudunta tsibiri bayan tsibiri, daga baya ya juyo shi ke farautarta. Da suka yi ido huɗu, da sunan kansa ya kira ta. Littafin siriri ne, amma harshensa da nauyi, hira kuma kaɗan. Ɗan shekara 8 hamma zai yi, a bari sai ya kai 12.

Harry Potter ya fi saurin kama yaro, sai dai a yi hattara da sayen akwatin gaba ɗaya. Littattafai 7 ne, daga 1997 zuwa 2007, jarumin yana girma daga shekara 11 zuwa 17, labarin yana ƙara duhu. Na farko shafi 223 ne a bugun Ingila, na biyar 766, kuma daga na huɗu mutuwa ta fara ɗaukar waɗanda mai karatu ya saba da su. Masu karatun farko shekara 10 suka yi suna girma tare da shi. Naka yaron zai iya cinyewa a hutu ɗaya. Sayi biyun farko tukuna.

Ga ƙanana, The Lion, the Witch and the Wardrobe na 1950 ya fi dacewa a karanta musu kafin barci, babobinsa gajeru ne. Iyaye su sani dai marubucinsa C.S. Lewis ya saƙa alamomin addinin Kirista a ciki, musamman mutuwar zakin Aslan da tashinsa.

Kowanne ka zaɓa, guji taƙaitaccen bugu, don yawanci tunanin jarumi ake yankewa a bar faɗa. Buɗe tsakiyar littafin ka miƙa wa yaron ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe fiye da sau 5, jira baɗi.