Assassin's Creed na farko: yadda sunan Al Mualim ya rufe mini ido har ƙarshen wasa

Duk wanda bai taɓa buga wannan gem ba kuma yana da niyya, ya dakata nan, domin zan tona ƙarshen labarin.

Da sanyin bana na sayi PS3 na hannu a Sabon Garin Zariya, mai shagon ya haɗa mini da faifai uku. Biyu na ƙwallo ne, na ukun kuma Assassin's Creed na farko, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2007. Tsohon wasa ne, na sani, samarin gidajen gem na Samaru sun daɗe da wuce shi. Ni dai sai yanzu Allah ya yi. Na kwashe kusan mako uku ina bugawa bayan sallar isha'i a ɗakinmu na zaure a Tudun Wada, duk daren da aka bar mana wuta, ƙanina na gefe yana jiran in gaji in miƙa masa.

Labarin yana faruwa ne a ƙasar Sham a shekarar 1191, lokacin Yaƙin Salibiyya na Uku, Salahuddin al-Ayyubi na gefe guda, Sarki Richard na Ingila na ɗaya gefen. Kai ne Altair, ɗan wata ƙungiyar asiri mai sansani a kan dutsen Masyaf. Girman kai ya sa ka karya dokokin ƙungiya, abokinka Malik ya rasa hannu, ƙanensa ya rasa rai. Shugaban ƙungiyar ya tuɓe maka muƙami, ya karɓe makamanka, ya ce ba za ka dawo matsayinka ba sai ka kashe mutum tara da ke hura wutar yaƙi a Dimashƙa da Akka da Ƙudus. Wannan shugaba shi ake kira Al Mualim.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ban ga wani abu a sunan ba, kuma ya kamata in gani.

Kawuna ne ya fara jawo hankalina kan sunayen. Malamin Larabci ne, ba ruwansa da gem, ya shigo ne neman cajar waya. Ya tarar ina tsakiyar wata liyafa a gidan wani ƙaton attajiri a Dimashƙa, mutum ne mai tumbi da tufafin alfarma, ya tara manyan gari ya zuba musu guba a abin sha. Kawu ya ji an ambaci sunansa sai ya tsaya.

"Kai, me suka ce sunansa?"

Na ce, "Abul Nuƙud, Kawu."

Ya ce, "Uban kuɗi ke nan. Ai Maikuɗi suka sa masa."

Daga daren nan ya riƙa leƙowa. Shi ya fassara mini Altair, wato mai tashi, tsuntsu, shi ya sa ashe hular rigarsa take da tsini kamar bakin gaggafa, kuma duk hasumiyar da ka hau sai ka ga gaggafa tana shawagi. Ibn La'ahad, ɗan ba kowa. Malik al-Saif, sarkin takobi. Waɗannan duk a fili suke, suna linzami, inda aka ja nan mai shi ya bi.

Amma akwai waɗanda aka juya musu sunan ya zama kishiyar halinsu, kuma a nan ne na fara jinjina wa marubutan wasan. Majd Addin, ɗaukakar addini, shi ne mai riƙon Ƙudus da ke tara jama'a yana kashe mutane a bainar nasi da sunan shari'a. Da wuƙa ta kai wuyansa sai ya faɗi gaskiya cewa daɗin iko ne kawai yake ji. Jubair al-Hakim, mai hikima, shi ne babban malamin da ke bi unguwa-unguwa a Dimashƙa yana tara littattafai yana cinna musu wuta. Har wani ɗan'uwansa malami da ya yi masa musu ya tura cikin wutar. Wannan wurin ya taɓa ni. Na tuna ɗakunan littattafan da ke gidajen malamai a cikin birni, irin su Unguwar Juma, takardun da aka gada kaka da kakanni a cikin gafaka, na ji kamar su ake ƙonawa.

To ka ga wasan ya koya mini darasi sau biyu: kyakkyawan suna na iya zama mayafi. Ya nuna mini mai ɗaukakar addini azzalumi ne, mai hikima maƙiyin ilimi ne. Saura ƙiris in tambayi kaina, to shi kuma wanda ake kira Al Mualim, wato malamin, fa? Ban tambaya ba. Kawu ma da ya san Larabcin bai tambaya ba.

Na daɗe ina tunanin dalili, kuma ina ganin na gano shi. Kalmar malam da muke faɗa dare da rana daga mu'allim ta fito, ita ce dai Al Mualim. Mu kuma a Zariya ba a kama sunan malami. Yaro zai yi shekara goma yana ɗaukar karatu a zaure bai taɓa furta sunan yankan malaminsa ba, sai dai "Malam ya ce", "Malam na ciki". Matarsa ma Malam take ce masa. Saboda haka da na ga dattijo mai furfura da baƙar alkyabba, yana tsaye a bayan tebur cikin ɗakin littattafai, tattabarunsa na kai saƙo, kowa na kiransa da laƙabi ba da suna ba, ban ji wani baƙon abu ba. Ladabi na gani. Bature mai buga wasan wataƙila ya tsaya ya ce, me ya sa kowa ke da suna ban da wannan? Ni kuwa tarbiyyar gidanmu ce ta amsa tambayar tun kafin ta taso.

Alhali alamun suna nan birjik. Duk wanda ka kashe cikin taran nan, kafin ransa ya fita sai ya yi maka magana, kuma maganganunsu na kama da juna, kamar almajiran zaure ɗaya. In ka koma Masyaf ka tambayi Al Mualim, sai ya ba ka rabin amsa, ya yaba maka, ya mayar maka da makami ɗaya, ya sake aikenka. Sai a filin yaƙin Arsuf, bayan ka kayar da Robert de Sable shugaban 'yan Templar, ƙungiyar mayaƙan Salibiyya da ke gaba da taku ƙungiyar, yake gaya maka cewa ba su tara ba ne suka san sirrin wata taska da ake rigima a kai, su goma ne. Na goman shi ne wanda ya aiko ka. Ya yi amfani da hannunka ne ya share abokan tarayyarsa don abin ya zama nasa shi kaɗai. Na ajiye abin bugawar a kan tabarma, na yi shiru. Ƙanina ya ce, "Yaya, wai Malam ɗin?" Ana zaton wuta a maƙera.

Shin sunan ya nuna halinsa? Ni a ganina ya nuna, amma ba irin nunin Abul Nuƙud ba. Bai yi ƙarya ba ko kaɗan, malami ne na gaske, shi ya koya wa Altair duk abin da ya sani. Kuma mugun nufinsa ma na malami ne da ya lalace: yana so duniya ta zauna lafiya ta hanyar ƙwace wa mutane tunaninsu, kowa ya zama ɗalibin da ba ya tambaya. Da ka koma Masyaf a ƙarshe haka za ka tarar da mutanen garin, suna tafe kamar waɗanda aka yi wa asiri, bakinsu na maimaita yabonsa. Bahaushe ya san irin wannan suna mai ɓoyewa. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa takan kira jaririnta Ajuji ko Ayashe don a ɗauka ba a damu da shi ba. Wancan ɓoyewa ce ta ƙauna. Na Al Mualim ɓoyewa ce a wurin da ba mai dubawa, wato cikin girmamawar da ake yi masa.

An gina shi ne a kan mutum na tarihi, Rashid ad-Din Sinan, shugaban Isma'ilawa Nizarawa (wani reshe na Shi'a) na Sham wanda ya zauna a Masyaf, wanda ake yi wa laƙabi da Shaikhul Jabal. Amma cin amanar da taskar duk ƙirƙirar masu wasan ce, kada wani ya ɗauke ta tarihi.

Akwai wurin da ban ji daɗinsa ba sam, kuma dole in faɗa. Taskar nan wata dunƙulalliyar aba ce mai juya hankalin mutane, kuma an sa Al Mualim yana danganta mu'ujizojin annabawa da ita, har da sandar da ta zama maciji da tsagewar teku. Kawu na wurin a daren, ya yi a'uziyya ya tashi ya fita, bai sake leƙowa ba sai bayan kwana biyu. Gaskiya ne daga bakin mugun labarin maganar ta fito, amma duk da haka ba zan bar ƙaramin yaro ya buga wurin shi kaɗai ba.

Ta fuskar bugawa kuwa, hawan gini shi ne daɗin wasan. Ka maƙale bango, ka bi ta kan rufin gidaje, ka hau hasumiya ka hango gari gaba ɗaya kamar wanda ya hau Kufena da safe, sannan ka faɗo cikin tarin ciyawa. Masallacin Banu Umayya da Ƙubbatus Sakhra sun fito da kyau har yanzu. Amma aikin bincike kafin kowane kisa iri ɗaya ne: zauna a benci ka saurari hira, yanki aljihu, bi mai shela lungu ka dake shi. Kafin mutum na biyar na gaji. Babu rubutun magana a ƙasan allo, ga ƙarar injin maƙwabta, sai da na riƙa manna kunne a talabijin. Altair da ke tsallake gidaje bai iya ruwa ba, a tashar jiragen Akka na nutse ya fi sau goma. Faifan ma yana da ƙarzuwa, sau biyu yana tsayawa cak a Ƙudus, na mayar wa mai shagon ya goge shi.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba, kuma wanda ke da ɗan Larabci a kunne zai more shi fiye da kowa. Yanzu ƙanina ya faro nasa daga farko. Jiya na shigo na tarar ya kai wurin da Al Mualim ke yi wa Altair faɗa a gaban jama'a kan karya doka. Ya ƙara murya, ya matso kusa da allo, yana sauraron kowace kalma.