Gyaran wuyan tsohuwar jita: gam ɗin katako ko mai haɗi biyu?

Ɗan'uwanmu na Yauri da gindin wuyan jitarsa ya buɗe, yake tambaya tsakanin gam ɗin kafinta da wancan mai bututu biyu da ake cakuɗawa: sayi gam ɗin katako. Idan za ka iya samun Titebond mai jan tambari, shi za ka nema. Mai shuɗi da mai kore an yi su don katakon da ruwa ke duka, mai jan ya fi su bushewa da tauri, shi ya sa masu ƙera jita suka fi riƙe shi. In bai samu ba, farin gam ɗin da kafintoci ke haɗa kujeru da shi zai yi, muddin sabo ne.

Jitar da ke hannuna Yamaha ce ta jerin FG, irin waɗanda kamfanin ya fara fitarwa a 1966. Ta kawuna ce, tsohon soja mutumin Zuru, ya bar mini ita da ya daina gani sosai. Wata shekara cikin hunturu ta fara wuyar dannawa, tsirkiya ta yi sama, da na juya bayanta sai ga tsaga tsakanin gindin wuya da gangar jiki, har katin waya na shiga. Wani dattijon kafinta a unguwarmu a Birnin Kebbi, wanda bai taɓa riƙe jita ba sai ranar, shi ya zauna da ni a kai. Ya ce in kwance tsirkiyoyin duka, ya danna wuyan da tafin hannu, tsagar ta rufe ruf. Sai ya ce, "Ɗana, tunda itace ya sami ɗan'uwansa, aikin ya zo da sauƙi." Muka yanko siririyar sanfefa muna zura ta cikin tsagar muna jawowa har tsohon gam ya fita, muka ɗura sabo da sirinji, yana ɗan motsa wuyan gaba da baya don gam ɗin ya kai ciki. Ya yanka tsohon tub na babur ya ɗaure ta da shi tamau daga gindin wuyan zuwa ƙarshen jiki, ya sa tsumma a gefuna kada roba ta ci fenti, ya goge abin da ya tsattsafo da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya ƙi karɓar ko kwabo, sai dai ya ce in ta warke in zo in kaɗa masa ya ji. Har yau wurin bai sake buɗewa ba, ga shi ta sha zafin bazara ta sha damina.

Mai haɗi biyu yana cike gurbi, wannan kam ba a raba shi da shi. Na saya don murfin gefen babur, can ya dace.

Dalilin da ya sa na hana ka shi a jita: tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Shekara da shekaru wannan ja yana sunkuyar da wuyan, kuma kusan kowace tsohuwar jita wata rana sai an cire wuyanta an daidaita shi. Gam ɗin katako yana saki idan ya ji zafi da tururi, don haka mai gyara zai iya zare wuyan lafiya. Mai haɗi biyu idan ya kama, da ƙyar yake saki, sau da yawa sai dai zarto ko a fasa katako. Ga shi kuma irin da ya cika shaguna mai saurin daskarewa ne, cikin minti biyar ya sandare kana tsakiyar daidaita wuyan, inda ya tsaya a karkace nan zai zauna. Gam ɗin katako zai ba ka 'yan mintuna ka duba ka gyara zama. Sufa gulu ma kada ka kawo shi kusa, yana tsagewa kamar gilashi, kuma ɗigo ɗaya a kan fenti ya zama tabo mai wuyar fita.

Sai dai gam ɗin katako yana da sharaɗi, kuma a nan mutane ke faɗuwa su ce gam ɗin ne ba shi da kyau. Ba ya kama tsohon gam, ba ya cike rami. Itace yake so tsirara, fuska da fuska, a matse. To kafin ka kashe kuɗi, kwance tsirkiya ka danna. In tsagar ta rufe, bismilla. In ta ƙi rufewa, ko wuyan yana girgiɗi hagu da dama, to harshen katakon da ke shiga cikin jiki ne ya saki, gam ɗin da za ka shafa a baki ba zai riƙe komai ba. Wannan sai an ciro wuyan gaba ɗaya: ana zare ƙarfe na 15 cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuya, a huda ƙaramin rami a gurbinsa, a tura tururi, sannan a yi wa harshen ciko da siririn katako. Ba aikin da zan ce ka fara koyo a kan jitar da kake ƙauna ba ne. Ka kuma leƙa ta ramin sauti da fitilar waya. Wasu jitocin da noti aka ɗaure wuyansu daga ciki, irin na kamfanin Taylor, in taka haka take ƙila ɗaurewa kawai take so.

Akwai gwaji guda da zai nuna maka ko kusurwar wuyan ta tafi. Ɗora doguwar rula a kan ƙarafan wuyan ka tura ta zuwa jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke kafe a kai a fuskar jita. Ya kamata bakinta ya sauka daidai saman katakon jakin. In ta tokare shi can ƙasa, ko ka liƙe tsagar tsirkiya za ta ci gaba da yin sama. A ƙarfe na 12, tazarar da ke tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri kada ta wuce milimita 2.5 zuwa 3.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da gam a awo, wanda ake ɗibar maka daga babban bokiti a zuba a leda ko robar ruwa. Wasu suna sirka shi da ruwa. Wasu kuma tsohon kaya ne da ya shekara a shago rana na dukan kwano, alhali ko Titebond ɗin kusan shekara biyu kamfanin ya ba shi, a rufe kuma a wuri mai sanyi. Sayi mai murfi a liƙe. In ka buɗe ka ga ya yi gudaji, ko yana jan zare, ko yana tsami, mayar masa. Ni har gwaji nake yi: in liƙa guntun katako biyu, washegari in ɓalle su. Idan katakon ya yage, gam ɗin na gaske ne. Idan suka rabu sumul a kan layin gam, a zubar. Haka masu sayar da tsoffin jitoci 'yan gwanjo, su sassauta tsirkiya su shafa baƙin fenti a gindin wuya su ce maka lafiya lau take. Ka sa a ɗaure ta a saita a gabanka kafin ka ciro kuɗi. Duk mai gyaran da ka ga ya ɗauko ƙusa da guduma kuwa, karɓe kayanka.

Bayan ka ɗaure, bar ta awa 24 ba taɓawa. Ku da ke bakin kogin Neja, in da damina ne ƙara mata kwana guda, laima na hana gam bushewa da wuri. Ka sa tsirkiya marasa kauri, lamba 10 ko 11, ka riƙa ɗaure su a hankali kana duban wurin. Jita tana son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yana saukar da ita ƙasa da haka nesa, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu ka ajiye ta cikin jakarta da ɗan jiƙaƙƙen soso a leda mai huji. Kuma a watan Afrilu kada ka bar ta a but ɗin mota, zafin da ke ciki ya isa ya sassauta gam ɗin da ka sha wahalar sawa.