Jadawalin Microsoft Word da layukan iyaka a kan akwatunan da aka haɗe

Duk wanda aikinsa ya ƙunshi rubuta rahoto, takardar jarrabawa ko tsarin taro a kwamfuta ya san cewa kayan zana jadawali suna cikin abubuwan da suka sa mutane ba sa iya rabuwa da Microsoft Word. Cikin ɗan lokaci mutum zai ja sahu da ginshiƙai, ya zaɓi salo, ya sa sahun kanu ya riƙa maimaita kansa a saman kowane shafi, aikin kuma ya fito tsaf. Muddin kowane akwati yana zaune a gurbinsa, da wuya a sami abin kushewa. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka haɗe akwatuna biyu ko uku suka zama ɗaya, domin daga nan ne layukan iyaka suke fara nuna halin da mai rubutu bai umarce su da shi ba, kuma a kan wannan ɓangare kaɗai nake son auna manhajar.

A ɗauki jadawalin taro na kwana uku, kowace rana tana da zama uku. A ginshiƙin farko an haɗe akwatuna uku daga sama zuwa ƙasa aka rubuta Litinin a tsakiya, haka ma Talata da Laraba. Ana so layi mai kauri ya raba kowace rana da mai bi mata. Abin da akan gani a irin wannan jadawali idan ya sami matsala shi ne layin mai kauri ya taho daga dama lafiya lau, yana isowa ƙarƙashin akwatin Litinin sai ya sirance ko ya ɓace gaba ɗaya, a bar akwatin a buɗe ta ƙasa kamar ɗakin da ba a sa wa ƙofa ba. Wani lokaci kuma layin gefen hagu ne zai sauko kashi ɗaya cikin uku na tsawon akwatin ya tsaya cak. Mai rubutu zai danna cikin akwatin, ya buɗe tagar iyaka da inuwa, ya tarar hoton samfurin da ke wurin bai nuna masa takamaimai ɓangaren da ya lalace ba.

Dalilin yana cikin yadda fayil ɗin yake adana jadawali. Tun daga Word 2007 tsarin ajiyar da aka saba da shi shi ne docx, wanda aka gina a kan Office Open XML, ƙa'idar da ƙungiyar tsara ƙa'idojin fasaha ta Ecma ta amince da ita a 2006, hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO kuma ta karɓe ta a 2008. Fayil ɗin docx ƙunshi ne na zip, wato fayiloli da yawa da aka matse wuri guda, kuma wanda ya kwance shi ya buɗe document.xml zai ga cewa ana rubuta jadawali ne sahu bayan sahu. Idan aka haɗe akwatuna daga sama zuwa ƙasa, ba a share ko ɗaya daga cikinsu. Na sama yana samun alamar vMerge mai cewa haɗin ya fara daga nan, na ƙasansa kuma suna samun alamar da ke cewa su ci gaban na sama ne, amma kowannensu yana nan daram a sahunsa, da faɗinsa, da inuwarsa, da bayanin layukan iyakarsa. Wato akwatin Litinin da ido yake gani guda ɗaya akwatuna uku ne a cikin fayil, kuma layin da ke ƙasansa yana fitowa ne daga na ukun, wanda yake ɓoye, alhali rubutun da alamar rubutu suna zaune a na farko. Idan na ukun yana ɗauke da umarnin cewa kada a zana masa layin ƙasa, ko kuma na biyun ba shi da layin hagu, to abin da za a gani ke nan a shafi.

Haɗewa ta kwance tana da nata salon. A can akwatunan da aka haɗiye suna ɓacewa da gaske, a bar guda ɗaya mai alamar gridSpan da ke faɗin yawan ginshiƙan da ya mamaye. Wannan ya fi tsabta, sai dai akwati mai faɗin ginshiƙai huɗu yana maƙwabtaka da akwatuna huɗu a samansa da wasu huɗu a ƙasansa, kuma katangar da ke tsakaninsu ta kowa ce. Idan akwatuna biyu suka yi saɓani a kan layi ɗaya, ƙa'idar ta tanadi yadda za a raba gardama: umarnin da aka ɗora wa akwati yana rinjayar wanda aka ɗora wa jadawali baki ɗaya, idan kuma akwati ne da akwati, akan duba nauyin salon layin, sannan duhun launinsa. Da yake ana yanke wannan hukunci ne gaɓa gaɓa, saman akwati guda zai iya fitowa da kauri a ƙarƙashin ginshiƙi na farko, ya zama siriri a ƙarƙashin sauran ukun.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa idan mutum ya buɗe sabon jadawali a Word, ya haɗe akwatunansa, sannan ya zana iyakoki, galibi komai yana fitowa daidai, domin manhajar takan rarraba umarnin ga ɓoyayyun akwatunan da kanta. Yawancin jadawalin da ke ba da wahala sun yi doguwar tafiya ne kafin su iso: an kwafo su daga Excel ko daga shafin intanet, an juyo su daga PDF, wata manhajar ofis ce ta fitar da su kai tsaye, ko kuma hannaye da yawa sun bi ta kansu, wannan ya cusa sahu a tsakiyar haɗi, wancan ya goge na ƙarshe. Laifin Word da nake gani a nan shi ne, duk da ita ce ta san akwatunan ɓoye suna nan, ba ta ba mai amfani da ita wata kafa ta ganinsu ba. Akwai maɓallin nuna layukan jagora, waɗanda suke bayyana a fuskar kwamfuta ba sa fita a takarda, amma su ma akwati ɗaya suke nunawa. Akwai tagar bayyana tsarin rubutu da ke lissafa abin da aka ɗora wa harafi da sakin layi, amma ba ta warware wa mutum wane sahu ne ya cinye masa layi ba. Manhajar da ta kai wannan shekaru tana hannun jama'a ya kamata a ce ta samar da hanyar da za ta ce wa mai aiki ga inda saɓanin yake.

Wasu kayan aikin ma ƙara rikita lamarin suke yi. Magogin da ke cikin kayan jadawali yana da siffar abin goge layi, kuma duk wanda ya gan shi zai ɗauka aikinsa ke nan, amma abin da yake yi a zahiri shi ne haɗe akwatunan da layin ya raba, ta yadda wanda ya so ya ɓoye layuka biyar zai ƙare da haɗe-haɗe biyar da bai san da su ba. Haka nan idan aka zaɓi rubutun da ke cikin akwati maimakon akwatin kansa, iyakar takan sauka a kan sakin layi ko a kan kalmomin, sai a ga ƙaramin murabba'i a cikin babban, mutum ya yi ta cire iyakar akwati abin ya ƙi tafiya. Buroshin zanen iyaka da aka ƙara a Word 2013 shi ne ya fi amfani a cikinsu, domin yana ba da damar a bi layin da ya yanke da hannu a cike shi, kuma ga jadawali ƙarami wannan ya wadatar. Ga rahoto mai jadawali talatin kuwa, wannan jan aiki ne.

Idan fayil ya ƙetara zuwa LibreOffice Writer, wata manhajar rubutu irin Word wadda ta fara fitowa a 2011, sai wani sabon babi ya buɗe. Tsarin ajiyarta na asali, OpenDocument, yana rubuta wa akwatin farko yawan sahu da ginshiƙan da ya rufe, sauran kuma ya sa musu alamar cewa an lulluɓe su, iyakar kuma tana cikin salon akwatin. Saboda haka idan ta karɓi docx dole ta tattara bayanin akwatuna uku ta mayar da shi na akwati ɗaya, kuma idan ukun ba su yi ittifaƙi ba, sakamakon yana iya bambanta da abin da Word ta nuna. A wajen gyara da hannu, na fi jin daɗin tagar iyaka ta Writer, musamman zaɓin da ta bayar a fili na haɗe layukan da ke maƙwabtaka su zama ɗaya ko a bar kowane akwati da nasa. Amma fayil ɗin da ya yi ta kai da komo tsakanin manhajojin biyu yakan dawo da iyakokinsa a rubuce a kan kowane akwati, daga nan kuma sauya salon jadawali ba zai ƙara taɓa su ba, tunda umarnin akwati ne a sama.

Akwai kuma ɓacewar layi da ba ta da alaƙa da fayil ko kaɗan, kuma ya dace a tantance ta kafin a fara gyara abin da bai lalace ba. Kaurin layin da Word take farawa da shi rabin poyin ne (poyin shi ne ma'aunin kaurin layi da girman harafi), wato kimanin milimita 0.18. A fuskar kwamfuta mai ɗigo 96 a kowane inci, wannan bai kai ɗigo ɗaya ba, kashi biyu cikin uku ne nasa, don haka manhaja takan ƙara shi ya cika ɗigo a wani wuri, ta dusashe shi a wani wurin. Firinta mai ɗigo 600 a inci kuwa tana da ɗigo huɗu da ɗoriya na zana wannan layin. Shi ya sa jadawali yake iya yin kama da mai gibi a cikin PDF, musamman kusa da akwatunan da aka yi wa inuwa, amma ya fito sumul a takarda. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙara girman shafin zuwa kashi 300 ko 400 cikin ɗari. Idan layin ya dawo, matsalar ta nuni ce, kuma ɗaga kaurinsa zuwa kashi uku cikin huɗu na poyin ko poyin guda yakan rage ta. Idan gibin ya tsaya a wuri ɗaya komai girman shafin, to yana cikin fayil.

Ga irin wannan gibi, hanyar da ta fi tabbas ita ce a raba akwatin ya koma adadin sahunsa na asali, a zaɓi jadawalin gaba ɗaya a cire masa dukkan iyakoki, a sake haɗewa, sannan a zana layukan a ƙarshe. A jadawali irin na taron nan ma ana iya kauce wa haɗewar tsaye ɗungurungum, a rubuta Litinin a akwatin sama, a cire layukan da ke tsakaninsa da biyun da ke ƙasa, ido ba zai ga bambanci sosai ba. Wannan yana da wata riba, domin haɗewa tana jawo wasu asarori bayan na layi: Word ba ta yarda ta jera sahu bisa haruffa ko lambobi a jadawalin da ke da irin waɗannan akwatuna, mai binciken sauƙin karatu na cikinta yana yin gargaɗi a kansu saboda suna rikita manhajojin da ke karanta wa makafi shafi, mai rubuta umarnin sarrafa kai da VBA (harshen ba da umarni da ke cikin Word) kuma da ya nemi ya taɓa sahu ɗaya ɗaya zai ci karo da kuskure mai lamba 5991, wanda yake sanar da shi cewa jadawalin yana da akwatunan da aka haɗe a tsaye.